Kakana, Abokin Gabar "Da Sauƙi"

Daga Allah muke, kuma kakana ya riga mu komawa gare Shi bana, bayan an gama kai gero rumbu. Mahaifin mahaifiyata ne, tsohon malamin jinya da ya yi aiki a ƙananan gidajen likita na ƙasar Tasawa da Mayahi har ya ajiye aiki. Na zauna in rubuta masa ta'aziyya da niyyar in yi kuka, sai ga dariya tana riga hawayen fitowa. Laifinsa ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsokanar jama'a ba zai bar musu zaman makoki mai natsuwa ba.

Ranar sadakar uku gidanmu na Tasawa ya cika har waje. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo tana dafa bango, mahaifiyata ta tare ta da tabarma ta ce, "Inna, ya gwiwar?" Tsohuwar ta buɗe baki ta ce, "Da sau…" sai ta kama bakinta da hannu, ta waiga ta dubi ƙofar ɗakin mamacin. Sai aka fashe da dariya gaba ɗaya, har da masu hawaye a fuska. Duk unguwa ta san a gidan nan ba a cewa "da sauƙi". Wanda ya faɗa, Kaka kan kora shi waje ya sake sallama, ya shigo da gaskiya.

Daga ƙofar gida kuma muryar kawuna na Kona muke ji har ciki. Ɗan ƙanen Kaka ne, mutum mai murya kamar ta mai shela. Aka ce ya naɗe hannun riga yana nuna wa duk wanda ya zauna kusa da shi. "Kun ga hannun ga? Ran da ya karye, Baba ya hana ni mota, ni ɗan ɗakinsu, ya ba baƙuwa. Wallahi namiji ne." Bara da fushi yake faɗin wannan magana, bana kuwa da alfahari.

Baƙuwar da yake nufi tana cikin gidan, bai sani ba. Bafillatana ce daga wata ruga bayan Issawane. Ta shigo tana ɗan ɗingishi, ta ajiye ƙwaryar nono kusa da randa, ta yi gaisuwa a hankali, ta zauna. Mata suna ta tambayar juna da ido. Ni na san ta, kuma labarinta ne labarin abin da Kaka ya fi so a duniya. Burinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: kafin ya mutu ya ga ranar da mai haƙuri zai ce "da sauƙi" a ƙi yarda, a tashi a same shi da rai.

Mahaifiyata ta girmi gabarsa da kalmar nan da sa'o'i kaɗan. Lokacin yana saurayin ma'aikaci a Gidan Amumune, an tura shi wani ƙauye yi wa yara lamba, ya bar kakata da tsohon ciki. Yana tsakiyar aiki ɗan aike ya iso ya ce, "An sauka, an samu ɗiya." Kaka ya tambayi jikin mai jego. Ɗan aiken ya ce shi ma ya tambaya daga bakin ƙofa, ta ce da sauƙi. Ga layin yara a rana, ga uwaye sun baro gonaki. Kaka ya gama da su tukuna, sannan ya kama hanya da murnarsa. Ya tarar an rufe ta da zane. Jini ne ya tsinke mata tun da safe, kuma ba wanda ya yi ƙarya, kowa abin da ladabi ya koya masa ya faɗa. Ɗiyar da aka samu ita ce mahaifiyata.

Tun daga nan ya daina tambayar mutane jiki. Gaisuwarsa ita ce ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa ko kana da jini. Ya yi wa limami, ya yi wa mai unguwa, ya yi wa mahaifina ranar da ya zo gaisuwar surukai. Kafin kowace gardama yakan ce "Bon", irin ta ƴan lakkol na da masu bokon Faransanci, kuma da zarar ka ji wannan "bon" ɗin sai ka nemi wurin zama. Sandarsa ba ta dogarawa ba ce, ta zane ce, ba ya iya bayani sai yana zana ƙasa. Fillanci kuwa a Issawane ya koya, don ya ce ba zai ƙara barin ɗan aike ya shiga tsakaninsa da mai ciwo ba.

Ni jikarsa ce ta fari, don haka ni ce "amarya", shi ne "tsohon angona mara haƙori". Da na tafi Maraɗi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa ya ce ya sake ni, tunda na zaɓi ƙarfe na bar allura. Da na dawo na sami aiki a Tasawa, ya zo har biro, wato ofishinmu, ya ga abin da ake biyana in yi.

Aikin na gwaji ne. Mota ɗaya ce ke ɗaukar marasa lafiya na gaggawa a yankinmu, ƙauyuka kuwa ba iyaka. Ana so a sami lamba guda da za a kira, mai ɗaukar waya ya rubuta abin da aka faɗa masa, na'ura ta taimaka wa likitan da ke bakin aiki ya yanke shawara: wa za a fara ɗaukowa, ta wace hanya, a kai shi ina. Wahalar ita ce labaran a warwatse suke. Mai kula da magani ya san abin da ke cikin firigonsa na sanyaya magani, ƴan kabu-kabu masu babur sun san hanyar da ruwa ya yanke, gidan likitan ƙauye ya san marasa lafiyarsa, amma ba wanda ya san na wani. Ga kuma bambancin baki. Likita ya rubuta sunan ciwo da Faransanci, mutumin ƙauye ya kira shi da sunan da kakarsa ta kira shi. Aikina shi ne in ƙulla waɗannan duka, in koya wa na'ura cewa wannan kalma da waccan abu ɗaya suke nufi, wannan alama ta wancan ciwo ce, wancan ciwo ga maganinsa, maganin kuma ga inda yake a yau. Na gaya wa Kaka masana suna kiran irin wannan tsari ontoloji.

Ya sa na maimaita kalmar, ya tauna ta, ya tofar. Sannan ya ja ni waje ƙarƙashin itacen bedi, ya share ƙasa da ƙafa, ya soma zane.

"Bon. Wanga uba ne, sunanai zubar jini. Ga ɗiyanai: na mai jego, na hanci, na wanda maciji ya sara. Wanga da wanga uwa ɗaya uba ɗaya. Wancan ɗan riƙo ne, kama kawai yake da su. Haka ne ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To mi ya kai ki Maraɗi? Salsala ce. Ku ce salsalar ciwo ku huta."

Daga ranar sunan ya bi aikin, har shugabanmu na biro salsala yake cewa. Da na nuna masa yadda na'urar ke ɗauko labarin firigon wani gari ta haɗa da labarin hanyar wani gari, ya tafa hannu yana dariya har hularsa ta zame. Ya ce bai taɓa ganin gulma mai lada ba sai yau. Ya raɗa mata suna Magulmaciya, kuma kullum da safe sai ya leƙo ya tambaya wa ta yi da shi jiya.

Zo ka ga tsoho da zumuɗi. Ya naɗa kansa mafaraucin kalmomi, ba wanda ya sa shi. Ranar kasuwa yana bayan kabu-kabu, babbar riga na tashi, yau Kona, gobe Gidan Amumune. Ya zauna wurin masu fura, ya zauna wurin wanzamai, ya tsokano su da hira har su faɗi yadda suke kiran abin da ba a son kira. Ya dawo da yamma ƙura har gira, tun daga ƙofa yana kirana. "Amarya, buɗe kunnen Magulmaciya. In sun ce ɓatan wata, ciki ne. In sun ce ta sauka, haihuwa ce, ba daga mota ta sauko ba. In kuwa sun ce igiya, ko abin ƙasa, to maciji ne, ba su kiran sunanai don kar ya ji ya dawo." Ni kuma in ɗaura kowace kalma a reshenta. Wasu da ya kawo likitocinmu suka ce sun yi faɗi da yawa, ba za su ɗauru a ciwo ɗaya ba. Ya yi gardama, aka zana masa a ƙasa da sandarsa, ya yarda yana gunaguni.

Faɗanmu na gaske ranar gwajin farko ne. Ƙamus ɗin da muka fara da shi ya fassara "da sauƙi" yadda kowane ƙamus zai fassara shi, wato ciwo ya ragu. Na'urar tana ba da launi uku: ja a tashi yanzu, rawaya a shirya, kore a iya jira. Kaka ya jawo kujera ya ce shi zai ba da mara lafiya.

"Rubuta. Mace, ta sauka da sahe, jini na zuba, ta ce da sauƙi."

Na rubuta, ja ya fito. Na dube shi ina jiran yabo.

"Cire jinin," ya ce. "Ba za ta hwaɗi ba."

Na cire. Allon ya koma kore. Kaka bai ce "bon" ba, ya dai zuba wa allon ido. A nan na gane wace mace ya sa na rubuta.

Da ya buɗe baki sai ya ce duk wanda ya ce "da sauƙi" a ba shi ja, magana ta ƙare. Na ce ba zai yiwu ba. Mai mura "da sauƙi" zai ce, mai ƙaya a ƙafa haka, mai shirin cikawa haka. In kowa ja ne, mota ɗaya wa za ta ɗauka? Ya ce ni yarinya ce, ban taɓa buɗe zane na ga fuskar da na baro tana murmushi ba. Na ce gaskiya ne, amma lissafin mota ɗaya bai san tsoho da yaro ba. Ni ma na gaji zuciyarsa, ba na janye magana in na san ina kan hanya. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Kwanaki ya daina kirana amarya, ya koma ce mini "Madam", in na kai masa tuwo ya ce ya ƙoshi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na san shi ma ya yi masa.

Wata hantsi sai ga kabu-kabu ya tsaya bakin biro da ƙura, Kaka ya diro tun bai gama tsayawa ba, takalminsa ɗaya a hannu.

"Amarya. Amarya, na kama ta."

Ashe yana kishingiɗe a zaure ya ji mahaifiyata na tambayar wata mata jikin mijinta. Matar ta ce da sauƙi. Aka ci gaba da hira, can cikin zance ta ce, "Ai yau ma a zaune ya yi salla." Kaka ya zabura, ya tura aka kai mutumin likita, shi kuma ya yo wurina.

"Ke ke da gaskiya, ba ja ba ce. Ni ke da gaskiya, ba kore ba ce. Gaisuwa ce, amarya, ba labari ba ne. Wa ke yanke hukunci da 'ina kwana'? Ki cire ta daga cikin alamomi, ki ɗaure ta da tambaya. Kuma kar ki tambaye su jiki, kunya za su ji. Tambaye su aiki. A tsaye ya yi salla ko a zaune? Da ƙahwarta ta dawo ko ɗauko ta anka yi? Ya sha hura yau? Ba mai jin kunyar amsa wanga."

Na rungume shi a gaban mutane, ya ture ni yana cewa zan ɓata masa suna a gari. Muka zauna da likitocinmu muka jera tambayoyin, kowane reshe na salsala da nasa. Daga ranar, duk sanda aka rubuta "da sauƙi", Magulmaciya ba ta ƙara maki ba ta rage, sai dai ta miƙo tambaya. Da daren nan ya cinye tuwona har ya nemi ƙari.

Aka buɗe lambar da farkon damina. Kaka ya kafa benci a bakin ɗakin waya da butarsa, ya zama kamar ɗaya daga cikin kayan biro. In waya ta yi ƙara shi ke fara miƙewa. Ƙarfinsa ya soma raguwa a lokacin, mun gani, shi ma ya gani. Yakan ce da ni, "Ki gaya wa ƙawarki ta yi sauri, ban da lokacin jira."

Ranar da kawuna ke ba da labarinta, bayan azahar ne, an kwana ana ruwa. Ni ke kan waya. Kira na farko daga Kona, ihu kamar ana yanka sa. Kawu ya faɗo daga amalanke, hannu ya karye, ƴan'uwa sun kewaye waya kowa na magana, shi kansa ina jin sa yana kiran sunan Allah da na Baba a haɗe. Na'ura ta ba da rawaya. Tunda ba wani kira, likita ya ce direba ya tada mota.

Direba na zuba ruwa a mota waya ta sake ƙara. Murya ce ƙasa-ƙasa, rezo, wato layin waya, na yankewa. Mutumin ya gaishe ni da wuni, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen gida. Na amsa duka, don na san in na katse shi zai ji kunya ya kashe. Sannan ya ce daga wajen Issawane yake kira.

"Dama iyali ce. Igiya ta ɗan taɓa ta wurin itace tun da hantsi. Amma da sauƙi."

Ina rubutawa ina jin numfashin Kaka a bayan wuyana. Igiya ta haɗu da maciji a allon, tambayoyi suka jero. Na karanta ta farko.

"Da ƙafarta ta dawo, ko ɗauko ta aka yi?"

"A'a, ɗauko ta munka yi."

"Ta yi sallar azahar?"

"To, ba ta samu ba tukuna."

"Ka ce ta tofa yawu, ka duba ka gaya mini."

Ya tafi dubawa, ina jin kukan maraƙi daga nesa. Kaka ya damƙe kafaɗata har na ji zafi. Mutumin ya dawo ya ce, "Akwai ɗan ja-ja kaɗan."

Allon ya yi ja. Magulmaciya ta zazzage duk gulmar da ta tara. Alamun na kububuwa ne, wadda mutane ke kira gobe-da-nisa. Allurar dafinta akwai a firigon Tasawa. Issawane ƙasar Mayahi ce, likitar Mayahi ya kamata a nufa da ita, amma ƴan kabu-kabun Gidan Amumune sun ba da labari tun safe cewa ruwa ya cika wani wuri a hanyar. Shawara ita ce motarmu ta tafi, su kuma su ɗora ta a amalanke su taro ta a babbar hanya, kada a ɗaure ƙafar, kada a tsaga.

Na'ura shawara kawai take bayarwa, hukunci na likita ne. Likitan ya karanta, ya san abin da ya dace, amma ya ɗago ya dubi Kaka, don kowa ya ji kawu na kiran sunansa daga Kona. Kona na kudu, Issawane na arewa.

"Mi kake kallona?" in ji Kaka. "Hannu ba ya gudu. Mai ihu yana da sauran ƙarfi. Tahi ka ɗauko wadda ta yi shiru."

Ya karɓe wayar daga hannuna ya juya harshe zuwa Fillanci. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ji mutumin ya bar gaisuwa ya soma kiran a kawo shanun amalanke. Mota ta fita ta yi arewa. Aka kira malamin jinyar Kona ya ɗaure wa kawu hannu da katako, a kawo shi a hankali.

Ban taɓa ganin Kaka kamar yammacin nan ba. Ya kasa zama. Ya je bakin titi ya dawo, ya zana hanyar Issawane a ƙasa ya share, ya sake zanawa, yana lissafin inda mota ta kai da bakin sanda. Kawu ya riga isowa a amalanke, yana ganinsa ya soma: wane irin uba ne zai bar jininsa a rana ya aika mota daji? Kaka ya ja fatar idonsa ya leƙa, ya ce, "Ka iya zagi, ba ka kusa mutuwa ba. Ku shiga da shi." Ana kiran magariba motar ta shigo. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, bakinta da jini, amma idonta biyu, har tana ƙoƙarin gyara mayafi don ta ga maza. Allura na jiranta a hannun likita tun kafin a sauke ta.

Da aka fito aka ce an ci ƙarfin dafin, Kaka ya ɗaga sanda sama ya taka rawa a tsakar gidan likita, tsoho da furfura, masu jinya na tafa masa. Ya sumbaci allon na'urata, ya ce ya ƙara aure, in yi haƙuri. Muka koma gida yana ba duk wanda muka gamu da shi labari, har da wanda bai tambaya ba. Da muka shiga, mahaifiyata na tsugune bakin murhu. Ya tsaya a kanta, dariyar ta bar fuskarsa, ya kira ta da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi.

"Yau na iso da wuri," ya ce.

Mahaifiyata ta ajiye muciya. Ba ta tambaye shi ina ba. Ta kama hannunsa ta ɗora a kanta, suka daɗe a haka, tuwo na ƙonewa.

Kullum sai ya je duba Bafillatanar har aka sallame ta. Yana tsokanarta tana rufe fuska. Ranar ƙarshe ina tsaye ya tambaye ta jiki, abin da ya yi shekaru bai yi wa kowa ba. Ta ce da sauƙi. Ya leƙa ƙwaryar furarta ya ga wayam, ya ce, "Yau kam na yarda." Sannan ya sassauta murya ya ba ta labarin kakata, ya ce mata, "In wanda kike so ya ce miki haka, kar ki tashi. Tambaye shi ko ya ci abinci."

Ya ƙara damina ɗaya bayan wannan, yana kan bencinsa, yana kawo kalmomi, yana faɗa da likitoci a kan wane ciwo ne ɗan wane. Ya shirya da kawu ranar da aka kwance ɗaurin hannun, da sharaɗin kawu ya daina cewa an hana shi mota ya riƙa cewa ya ba da aro. Kawu bai cika sharaɗin ba har yau.

Bana da kaka, wata safiya bai fito zaure ba. Muka shiga ni da mahaifiyata. Ta manta dokar gida ta ce, "Baba, ya jikin?" Na ga bakinsa ya haɗa kalmar, irin ta kowane Bahaushe, har "da" ta fito. Sai ya tsaya, ya dube ni, ya yi ƴar dariya.

"Amarya," ya ce, "a zaune na yi asuba."

Ba mu tsaya neman mayafi mai kyau ba. Motar da ya sha rakawa da ido ita ta ɗauke shi, likitocin da ya sha yi wa gardama suka tsaya a kansa, ba abin da ba a yi ba. Zuciya ce ta gaji. Ya yi ƴan kwanaki yana jan fatar idon masu zuwa duba shi, sannan wa'adi ya cika da rana tsaka, muna riƙe da hannunsa. Ba mu makara ba, kuma shi ya sa ba mu makara ba. Wannan ne abin da nake riƙewa in kewa ta taso mini.

Ranar sadakar ukun nan, da la'asar ta yi mutane suka ragu, Bafillatanar ta taso da ɗingishinta ta zauna kusa da ni. Ta ce a kasuwa mijinta ya ji rasuwar, suka bar shanu wurin dangi suka taho. Ta yi mini gaisuwa, na amsa. Tun ranar rasuwar ni ke kai da kawo, ni ke tarbar baƙi, ni ke ba da labaran da ke sa mutane dariya, kowa na yaba ƙarfin halina. Ta dube ni ta ce, "Ya zuciyar?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ba ta tashi ba. Ta gyara zama, ta dubi fuskata da kyau.

"Kin ci abinci yau?"

Na kau da kai.

"Jiya fa?"

Ta jawo ƙwaryar nan da ta ajiye kusa da randa, ta buɗe faifan, ta ɗebo da ludayi ta miƙo mini, ta riƙe gindinsa da hannunta har na kai baki. A kan ƙwaryar nonon nan na yi kukan da na kwana uku ina ɓoyewa, ita kuwa ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai ci gaba da ɗebowa.

Allah Ya jiƙan ka, tsohon angona. Ya haɗa ka da wadda ka baro da safe ka tarar an rufe. Ya sa inda kake yanzu, in an tambaye ka ka ce da sauƙi, ya zama gaskiya ce.